Rubutun da Ya Ƙi Zama a Tsakiyar Akwati: Nazarin Wata Matsalar CSS

Aikin da aka kawo mini ƙarami ne a ido. Wata cibiyar koyar da sana'o'in hannu tana da shafin intanet da aka gina da Turanci, sai shugabanninta suka yanke shawarar a samar da shi da Hausa, tunda yawancin masu neman gurbi a wurinsu da Hausa suka fi sakewa wajen karatu. A saman shafin akwai koren akwatuna guda huɗu, kowanne tsayinsa fiksel 120 (fiksel shi ne ɗan ɗigon da ake auna abubuwa da shi a fuskar kwamfuta ko waya), kuma a cikin kowanne akwai ɗan gajeren rubutu fari wanda mutum zai latsa ya shiga sashen da yake nema. A fuskar kwamfuta akwatunan suna jeruwa a layi ɗaya, a waya kuwa biyu a sama biyu a ƙasa. A Turancin kalma ɗaya ce tak a kowane akwati, tana zaune daram a tsakiya, tazarar samanta daidai da ta ƙasanta. Da aka zuba Hausar, na sama biyun suka zama "Rajista" da "Tuntuɓe mu", na ƙasa kuma "Kuɗin karatu da yadda ake biya" da "Ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai".

Sakataren cibiyar, wanda dattijo ne mai lura da komai, shi ya fara ganin ɓarnar a wayarsa, kuma da ya kira ni bai yi wata-wata ba ya ɗora laifin a kan mai fassara. Ya ce, "Malam, yaron nan ya cinye rabin maganar." Abin da ke fitowa a akwati na uku shi ne "Kuɗin karatu da", na huɗu kuma "Ƙa'idojin ɗaukar", daga nan shiru. Na buɗe shafin a kwamfuta, na matse tagar burauza har ta kai faɗin waya, sannan na ja linzami a kan farin filin da ke ƙarƙashin akwatunan kamar mai son kwafe rubutu. Nan take "yadda ake biya" da "ɗalibai" suka bayyana cikin shuɗin zaɓi. Ashe mai fassarar bai ci ko harafi ɗaya ba: layi na biyu ne ya faɗo wajen akwatinsa, ya sauka a kan farin shafi, kuma da yake shi ma fari ne sai ido ya kasa ganinsa.

Da na danna maɓallin F12, wanda yake buɗe kayan bincike na burauza, na duba ƙa'idojin da aka rubuta wa akwatin, ga abin da na tarar:

.akwati { height: 120px; line-height: 120px; font-size: 20px; text-align: center; }

Wannan tsohuwar dabara ce, kuma ba ta rasa hikima ba. A CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafukan intanet da shi, kowane layin rubutu yana zaune ne a cikin wani akwati da ba a gani, kuma `line-height` shi ke faɗin tsayinsa. Burauza tana ɗaukar tsayin da aka ba ta, ta cire abin da haruffan kansu suke buƙata, sannan ta raba ragowar gida biyu daidai wa daida, rabi a sama rabi a ƙasa. Idan haruffan suna cin kamar fiksel 24 daga cikin 120, to saura 96 ke nan, 48 a sama 48 a ƙasa, kalma ta zauna a tsakiya ba tare da wani ya umarce ta ba. Sharaɗin dabarar guda ɗaya ne, wato kada rubutun ya taɓa wuce layi ɗaya. Da zarar ya karye zuwa layi na biyu, shi ma wannan layin zai nemi nasa fiksel 120, jimilla 240 a cikin akwatin da aka ɗaure wa tsayi 120, kuma `height` ba ya ƙaruwa don abin da ke ciki ya yi yawa. Wanda ya gina shafin bai yi kuskure ba a ranar da ya gina shi. Ya yi zato ne kawai cewa rubutun ba zai canza ba, Hausa kuwa ta zo da kalmomi shida inda Turanci ya wadatu da ɗaya.

Matashin da ke kula da shafin a cibiyar ya riga ya gwada gyara kafin a neme ni, kuma abin da ya gwada shi ne abin da kusan kowa yake fara gwadawa: ya cire dogon `line-height` ɗin, ya rubuta `vertical-align: middle` a jikin akwatin. Rubutun ya koma sama ya manne da rufin akwati, ko gezau bai yi ba. Sunan wannan umarni ne yake yaudarar mutane, domin duk wanda ya karanta shi zai ɗauka an yi shi ne don wannan buƙata. A gaskiya ayyuka biyu kawai yake yi. Na farko, a cikin gidan tebur, wato ɗaya daga cikin gidajen jadawali mai jere da ginshiƙai, yana faɗin inda abin da ke cikin gidan zai zauna, sama ko tsakiya ko ƙasa. Na biyu, a tsakiyar jimla, yana daidaita abubuwan da ke tafiya tare da rubutu, kamar ƙaramin hoto ko alama, dangane da layin da suke kai. Ko a can ma `middle` ba tsakiyar layin yake nufi ba, ma'anarsa ita ce a ɗora tsakiyar abin a daidai rabin tsayin ƙaramin harafin x, ana aunawa daga layin da haruffa suke zama a kansa. Akwatinmu `div` ne, wato akwati na yau da kullum, ba gidan tebur ba ne kuma ba ya cikin jimla, saboda haka umarnin bai shafe shi ba. Abin da ke ƙara rikita mai koyo shi ne CSS ba ta yin ƙorafi. Idan aka ba ta umarnin da bai dace da wuri ba sai ta wuce shi shiru, mutum ya zauna yana sake loda shafi yana zargin burauzarsa.

Matashin ya kuma gwada `margin: auto`, tunda ya san da shi ake kawo akwati tsakiyar shafi tsakanin hagu da dama. Nan ma bai samu komai ba, kuma dalilin a rubuce yake a ƙa'idar CSS 2.1: ga akwati na yau da kullum, idan aka ce tazarar sama ko ta ƙasa ta zama `auto`, burauza za ta ɗauke ta a matsayin sifili.

Dalilin da ya sa kwance ya yi sauƙi, tsaye ya yi wuya

Wannan bambanci yana da asali, kuma sanin asalinsa ya fi haddace dabaru amfani. Håkon Wium Lie ne ya gabatar da shawarar CSS a 1994 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN, sannan shi da Bert Bos suka tsara kashi na farko wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a Disamba 1996. Kashi na biyu ya biyo baya a Mayu 1998, gyararrensa mai lamba 2.1 kuma sai a Yuni 2011 ya kammala. Abin da masu tsarin suke da shi a zuciya shi ne takarda, irin maƙalar da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa. A irin wannan takarda an san faɗi tun kafin a fara, domin faɗin tagar burauza ne, kuma daga nan yake gangarowa: shafi ya ba akwatin da ke cikinsa faɗi, shi ma ya ba na cikinsa. Tsayi kuwa daga ciki yake fitowa, sai an gama jera rubutu layi bayan layi tukuna za a san iyakar tsawon akwatin. Sanya abu a tsakiya yana buƙatar a san girman fili da girman abin, a raba bambancinsu biyu. A kwance filin sananne ne tun farko. A tsaye, bisa tsarin asali, babu ma wani rarar fili da za a raba, tunda akwati yana tsayawa ne daidai inda abin da ke cikinsa ya ƙare.

Tebur ne kaɗai ya saɓa wa wannan, domin gidajen da ke jere ɗaya dole tsayinsu ya zo ɗaya, don haka gidan da rubutunsa ya gajarta yana da rara, kuma tun a HTML, harshen da ake gina jikin shafi da shi, akwai `valign` mai faɗin yadda za a yi da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa magina shafuka na shekarun farko suka riƙa gina shafi gaba ɗaya a cikin tebur. Daga baya CSS ta ba da hanyar aron halin tebur ba tare da an rubuta tebur ba, ta hanyar `display: table-cell`, kuma da shi `vertical-align: middle` yake fara aiki. Internet Explorer bai karɓi wannan ba sai a na 8 da ya fito a 2009. Na gwada shi a akwatunan cibiyar, kuma ya yi aiki sarai da layi ɗaya da biyu da uku. Na ajiye shi ne saboda gidan tebur ba ya karɓar tazarar waje, kuma da na bi wannan hanya sai na sake gina yadda akwatunan huɗu suke sauka biyu-biyu a waya, aikin da ya fi matsalar da aka kira ni dominta girma.

Hanyar da na daɗe a kanta, ba don ina son ta ba sai don matashin ya ga ana yawan ba da shawararta kuma ya nemi sanin aibinta, ita ce ta cire rubutu daga jerin shafi a kafe shi da `position: absolute`. Ana ce masa `top: 50%`, wato gefensa na sama ya sauka a fiksel 60. Amma gefen sama ne ya je tsakiya ba cibiyar rubutun ba, don haka sai an ja shi sama da rabin tsayinsa. A da ana yin wannan da tazara mai ragi: idan layin fiksel 28 ne, a rubuta `margin-top: -14px`. Kowa zai ga cewa ciwon da muka baro ne ya dawo da wata riga, domin ranar da rubutu ya zama layi biyu, tsayinsa 56, ragin da ake buƙata ya koma 28. Da `transform` ya samu karɓuwa sai aka huta da wannan lissafi, saboda kason da aka rubuta a `translateY(-50%)` daga jikin abin kansa ake auna shi ba daga akwatin da ya ɗauke shi ba, ko nawa ne tsayinsa. Dabara ce mai kyau, kuma har yanzu tana da gurbi wajen ɗora rubutu a kan hoto. Sai dai abin da aka kafe ta wannan hanya ya fita daga lissafin uwarsa ke nan, akwatin bai san yana ɗauke da komai ba, saboda haka ba zai taɓa buɗewa don ya ba rubutun wuri ba. Ga kuma wata 'yar matsala: idan tsayin rubutun ya zo mara, kamar 57, rabinsa 28.5 ne, kuma a wasu fuskoki rabin fiksel yana sa gefen haruffa ya yi dishi-dishi.

Flexbox, da abin da ya biyo bayansa

Flexbox wani tsari ne na CSS da aka ƙirƙira musamman don rarraba fili tsakanin abubuwa ta kowace fuska. Daftarinsa na farko ya fito a 2009, aka sauya masa kamanni fiye da sau ɗaya, har ya tsaya a siffar da ake amfani da ita yanzu a 2012. Chrome ya karɓe shi ba tare da sai an ƙara wani laƙabi a gaban sunan umarnin ba a 2013, Safari kuma a 2015. Na share `line-height: 120px`, na rubuta `display: flex` da `align-items: center` da `justify-content: center`. Akwatunan huɗu suka daidaita nan take, masu layi ɗaya da masu layi biyu. Na bar `text-align: center` a wurinsa, domin Flexbox dunƙulen rubutun yake kawowa tsakiya, ba shi da ruwa da yadda layukan da ke cikin dunƙulen suke jeruwa a junansu. Akwai kuma abin da ya kamata mai koyo ya riƙe: `align-items` ba "tsaye" yake nufi ba, yana aiki ne a kan hanyar da ta gitta wadda abubuwa suke bi. Idan aka juya jerin zuwa `flex-direction: column`, to `justify-content` ne zai koma mai kula da sama da ƙasa.

Akwai hanyoyi biyu da suka fi wannan gajarta, kuma na yi tunani a kansu kafin na bar su. Grid, wani tsarin jera abubuwa a layuka da ginshiƙai wanda Chrome 57 da Firefox 52 da Safari 10.1 suka fito da shi a Maris 2017, yana gama aikin da layi biyu, `display: grid` da `place-items: center`. A 2024 kuma aka kai ga abin da ake ta jira kusan shekara talatin: Chrome 123 da Safari 17.4 da Firefox 125 suka bar `align-content: center` ya yi aiki a kan akwati na yau da kullum, ba sai an mai da shi Flexbox ko Grid ba. A ganina wannan na ƙarshe shi ne mafi tsafta, kuma nan gaba shi zan riƙa fara ɗauka. Abin da ya hana ni a wannan karo shi ne masu ziyartar shafin. Sakataren kansa da burauzar Opera Mini yake shiga intanet don tsimin data, kuma ya tabbatar mini ɗalibansu da dama haka suke yi. A yanayinsa na matsanancin tsimi, Opera Mini ba a cikin waya yake jera shafi ba, a kwamfutocin kamfanin ake jera shi da tsohon injin Presto sannan a aiko da sakamakon. Presto ya san Flexbox tun Opera 12.1 na 2012, amma an daina raya shi kafin Grid ya zo. Wannan ya yanke hukunci.

Kwana biyu bayan haka aka buƙaci a canza akwati na farko ya zama "Rajista kyauta ce", a kuma kaurara kalmar tsakiya. Matashin ya sa ta a cikin `<b>`, alamar HTML mai kaurara rubutu, sai ga "Rajistakyautace" a manne kamar kalma ɗaya. Dalilin shi ne akwatin Flexbox ba ya kallon abin da ke cikinsa a matsayin jimla, kowane ɗa da ya samu kai tsaye abu ne mai zaman kansa. "Rajista" ya zama ɗaya, kalmar da aka kaurara ta zama na biyu, "ce" ya zama na uku, kuma sararin da ke gefen kowannensu ya faɗi, kamar yadda sarari yake faɗuwa a farkon layi da ƙarshensa. Da jimlar ta fi haka tsawo, da an ga gutsattsarin suna karyewa kowanne a nasa ginshiƙin. Maganin ba shi da wuya: a naɗe jimlar duka a cikin `span` guda, wato alamar HTML da ake naɗe guntun rubutu da ita, akwatin ya zama yana da ɗa ɗaya tilo. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son sabon `align-content`, domin shi ba ya taɓa jimla ko kaɗan.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne wani ɗan bambanci da ba kowa zai lura da shi ba. "Rajista kyauta ce" da "Tuntuɓe mu" suna kusa da juna a jere ɗaya, a kwamfuta kowanne layi ɗaya ne, amma da na aza gefen takarda a fuskar na ga ƙasan haruffansu bai zo daidai ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauka. Na auna dunƙulen rubutun biyu a kayan bincike na burauza, sai na ga tsayinsu ma ba ɗaya ba ne. Na ƙara girman shafin sosai, na zuba wa kalmar "Tuntuɓe" ido, sai na ga harafin ɓ ya fi 'yan'uwansa siranta, kuma cikinsa ya fi nasu zagaye. Ba daga gida ɗaya suka fito ba.

Zubin haruffan da aka zaɓa wa shafin tun yana Turanci ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. A tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ɓ yana lamba U+0253, ɗ yana U+0257, ƙ yana U+0199, ƴ da ake rubutawa a Nijar kuma yana U+01B4, duk a wajen rukunin haruffan da harsunan Yammacin Turai suke buƙata, kuma masu zana haruffa da yawa a wancan rukuni suke tsayawa. Idan burauza ta iso harafin da babu shi a zubin da aka ce ta yi amfani da shi, sai ta aro shi daga wani zubin da ke cikin na'urar. Kowane zubi kuwa yana ɗauke da nasa awo a cikin fayil ɗinsa, wato iyakar hawan haruffa sama da layin zama da iyakar saukarsu ƙasa da shi. Ni ne na buɗe wa matsalar ƙofa da hannuna, domin lokacin da na share `line-height: 120px` ban sa komai a madadinsa ba, ya koma `normal`. A wannan hali burauza tana lissafa tsayin layi da awon duk zubin da ya shiga layin, har da na aro, saboda haka layin da ke da ɓ ya fi wanda ba shi da shi tsayi, kuma ƙarin ba lallai ya rabu daidai tsakanin sama da ƙasa ba. Flexbox bai yi kuskure ba ko da na fiksel ɗaya, ya kawo dunƙulen biyu tsakiya cif. Haruffan ne ba sa zaune wuri ɗaya a cikin dunƙulensu.

Gyara biyu na yi. Na ba layin tsayi bayyananne, `line-height: 1.4`, wanda a haruffa masu fiksel 20 yake ba da 28, kuma da zarar an faɗi lamba, burauza tana tsayawa a kan awon zubi na farko ta ƙyale na aro. Sannan na shawo kan shugabannin cibiyar aka canza zubin gaba ɗaya zuwa Noto Sans, wanda yake da waɗannan haruffa manya da ƙanana. Gyara na farko ya isa ya daidaita layin, amma ban ga dalilin da zai sa shafin Hausa ya riƙa aron ƙ da ɗ daga maƙwabta ba, alhali kusan babu jimlar da za a rubuta ba tare da su ba.

Saura gwaji ɗaya, wanda sakataren ne ya jawo shi ba da niyya ba, domin idonsa ya yi rauni kuma ya ƙara girman rubutu a wayarsa. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka, tun fitowar kashi na 2.0 a 2008, sun tanadi cewa a iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin 100 ba tare da wani abu ya ɓace ba. Na gwada hakan. Haruffa suka koma fiksel 40, kowane layi 56, "Kuɗin karatu da yadda ake biya" ya karye zuwa layi huɗu, jimilla 224 a akwati mai 120. Yanzu ɓarnar ta canza salo, domin `align-items: center` ba ya fasa kawo abu tsakiya don ya fi filin girma, raba rarar yake yi biyu, 52 ta fita ta sama 52 ta ƙasa. Wadda ta fita ta ƙasa ana iya gangarawa a same ta. Wadda ta fita ta sama tana hawa kan abin da ke bisanta, kuma idan akwatin yana can ƙolin shafi ne, ko yana cikin wani fili mai nasa gungurawa, to babu yadda za a yi a kai gare ta. CSS ta tanadi kalmar `safe` da ake sakawa kafin `center` don irin wannan, amma akwai tsohuwar hanya da ta fi ta yaɗuwa: a cire `align-items`, a ba ɗan `margin: auto`. Umarnin da ya ƙi aiki a hannun matashin tun farko yana aiki a cikin Flexbox, yana shanye rarar fili ta kowace fuska, kuma idan babu rara sai ya koma sifili, rubutu ya fara daga sama ya zuba ƙasa.

A nan ne na yarda cewa tun ranar farko ina gyaran reshe ne na bar saiwa. Duk dabarun da na jera amsa suke ba tambayar yadda za a zaunar da rubutu a cikin fiksel 120, alhali babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa dole sai 120. Mai zanen shafin so yake akwatunan su yi kauri, kada su zama sirara kamar maɓalli, kuma wannan buƙata ce ta mafi ƙarancin tsayi, ba ta iyakarsa ba. Na maye gurbin `height` da `min-height`, na ƙara tazarar ciki don kada haruffa su taɓa gefe a ranar da akwatin ya cika. Jeren da ke ɗauke da akwatunan shi ma Flexbox ne, wanda bisa ɗabi'arsa yake miƙe 'ya'yan da ke layi ɗaya su zo tsayi ɗaya, don haka idan akwati na uku ya buɗe, na huɗu yana bin sa, kuma gajeren rubutun da ke cikinsa yana komawa sabuwar tsakiyar. Ga yadda ƙa'idojin suka tsaya:

.akwati { display: flex; min-height: 120px; padding: 16px; box-sizing: border-box; }
.akwati span { margin: auto; line-height: 1.4; text-align: center; }

Da rubutu mai layi biyu, 56 daga 120 ya bar 64, wato 32 a sama 32 a ƙasa. Da layi uku, 18 da 18. Daga layi huɗu akwatin yake fara buɗewa da kansa.

Akwai ɗan abin da na bari da gangan. Idan aka auna daga kan babban harafin T na "Tuntuɓe mu" zuwa rufin akwati, sannan daga ƙasan haruffan zuwa daɓensa, lambobin biyu ba za su zo daidai ba, saboda zubin ya keɓe wuri a ƙasa domin wutsiyar haruffa irin su y da j da g, ya kuma keɓe wani a sama da manyan haruffa, ko kalmar tana buƙatarsu ko ba ta buƙata. Akwai sabon umarni mai suna `text-box` da yake datse wannan keɓaɓɓen wuri, ana rubuta shi `text-box: trim-both cap alphabetic`, kuma Safari 18.2 ya karɓe shi a ƙarshen 2024, Chrome 133 a farkon 2025. Ana iya saka shi ba tare da fargaba ba, tunda burauzar da ba ta san shi ba za ta wuce shi shiru kamar yadda ta saba. Ban saka ba, domin bambancin bai kai abin da ido zai kama a akwati mai wannan kauri ba, kuma wasu na gyara irinsa da ƙara fiksel ɗaya ko biyu a tazarar sama, gyaran da yake rushewa duk ranar da aka canza zubin haruffa. Na rubuta wa matashin bayanin wannan a cikin fayil ɗin, a saman ƙa'idar akwatin, tare da gargaɗin kada ya mayar da `height`. Daga baya cibiyar ta ƙara akwati na biyar mai ɗauke da "Ranakun jarrabawa da wuraren da za a zauna", shi ya saka da kansa, kuma ya sauka a layi uku a wayar sakataren ba tare da an taɓa CSS ɗin ba.